Tambulan a Kan Injin Baba Mai Kunne

Ni na ƙera ƙofar da ta kashe Baba Mai Kunne. Ƙarfe mai kauri, ko allura ba za ta sami rata ba.

Maƙwabcina ne, tsohon makaniki. Ni walda nake yi. A ɗan garejinsa akwai tsohon inji mai silinda shida a jere, girke kan gungumen katako. Motar da aka ciro shi daga ciki ta ruɓe tun ina saurayi, shi ya ƙi rabuwa da zuciyarta.

"Dubi nan, kai mai ƙona ƙarfe," yakan ce. "Fistin na ɗaya da na shida tare suke hawa, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu. Wanda ya zana shi ba ya son rigima. Ranar da ya daidaita, ka ɗora masa ruwa a tambulan, ba zai motsa ba."

"Baba, ka sayar wa 'yan gwangwan ka huta."

"Kai za a fara sayarwa."

Da kunne yake saiti, bakin sukudireba a jikin inji, ƙota a kunnensa. To, kunnen ya fara mutuwa, ruwan kuma bai daina rawa ba.

"Yi min ƙofa," ya ce. "Hayaniyarku ta hana ni jin na biyar."

"Hayaƙin fa?"

"Ga taga."

Na san tagar ma ƙara take shigo da ita. Na kuma san halinsa. Na ja bakina na yi aikin.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na ji muryar injin ta sauya ta bayan katanga. Ta yi laushi, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Na ajiye aiki na jingina. Sai ga ni a wata doguwar hanya wadda ban taɓa bi ba, itatuwa na wucewa, Baba na tuƙi, gashinsa baƙi ƙirin. Ban san iya zaman da na yi ba.

'Yarsa ce ta girgiza ni. "Kawu, na buga na buga, Baba bai amsa ba."

Na yanke sakatar da na ƙera da hannuna. Taga a rufe, an cusa mata tsumma. Yana zaune kan kujera, kansa a jikin injin, sukudireba ta faɗo cinyarsa.

Injin yana ta tafiya. Ruwan tambulan ko motsi.