Maɗigar Dilcia

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga maɗigar jarirai a ƙauyenmu na Gualcinse. Duk yaron da tsakiyar kansa ta lotsa, wurina ake kawo shi. In tura saman bakinsa da ɗan yatsa, in riƙe shi ƙafafu sama a kan kwanon ruwan ɗumi, in bubbuga tafin ƙafarsa sau uku. Haka kakata ta koya mini, kuma ina taƙama da abina.

Ranar Litinin jikata Dilcia, 'yar wata bakwai, ta tashi da amai da gudawa. Washegari maɗigarta ta faɗa. Uwarta Marleni, autata, ta ce, "Mama, mu kai ta asibiti mana."

Na ce, "Ke, rufe mini baki! Taki maɗigar da waɗanne hannaye aka ɗaga ta? Rabu da likitocin nan, in sun rasa magani sai su ƙara wa ciwo tsawon suna."

Sau biyar na kife yarinyar nan. Ranar Laraba ta daina kuka, har na yi wa Marleni gori, wai ga shi ta samu sauƙi. Girman kai rawanin tsiya.

Safiyar Alhamis Marleni ta naɗe 'yarta a tawul ba ta ko dube ni ba, ta tare motar masu ɗaukar kofi. Na bi ta.

A asibiti likita ya taɓa kan yarinyar, ya ce, "Gastroenteritis." Suka shige ciki da ita da gudu. Na riƙo hannun wata nas, na ce, "'Yar nan, fassara mini."

"Kumburin ciki da hanji ne, Iya. Ruwan jikinta ne ya ƙare, shi ya sa kan ya lotsa. Maɗigar ba ta faɗi ba, ƙishi ne."

Sun nemi jijiyar da za su yi mata ƙarin ruwa sun rasa. Kafin rana ta take, Dilcia ta cika. Ban taɓa jin ciwo irin wannan ba, ko ranar da na binne mijina.

Da za mu fito na sake tare nas ɗin. "Da mun zo Litinin, wane magani za ku ba ta?"

Ba ta so faɗa ba. Na matsa mata.

"Tafasasshen ruwa, da sukari da ɗan gishiri. Cokali cokali."

Duka ukun ina da su a kicin, kusa da murhu.