Safa Ta Biyu

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Zare tana saƙa wa mijinta safa duk lokacin da sanyi ya ƙarato. Shi ya raɗa mata sunan tun suna sabon aure, 'ya'yansu suka taso suka ji, maƙwabta ma suka ɗauka. Shi kuwa Direba kowa ke ce masa, don ya daɗe yana jan motar da ke kai ma'aikata wurin aiki da sassafe, lokacin da sanyin ƙarfe ke ratsa takalmi.

Tana da hanyarta ta aiki, wadda take koya wa duk matar da ta zo koyo. Ba ta gama safa ɗaya sannan ta kama ɗayar. Tare take tayar da su, kowace a kan tsinkayenta huɗu: ta yi layi goma a wannan, ta ajiye, ta yi goma a waccan. Takan ce hannun mutum ba ya zama ɗaya kullum. Ranar da rai ya ɓaci saƙa takan matse, ranar da aka ji daɗi ta saki, to idan aka tafi da su tare, abin da ya sami ɗaya shi zai sami 'yar'uwarta. Kuma ba ta awo da tef. Sai ta riƙe ƙafa a tafin hannunta, ta zagaya ta da yatsu, ta ji inda ƙashi ya taso da inda nama yake, sannan ta san idon saƙa nawa za ta ɗora a kan tsinke.

A farkon damina ciwon suga ya ci ƙafar Direba ta hagu, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Wurin ya warke lafiya, amma tun da aka sallamo shi bai bar matarsa ta gani ba ko sau ɗaya. Ya koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya ce gadon can ya fi ƙasa. Autarsu, wadda ke aiki a wani kantin magani, ita ke wanke masa wurin ta naɗe kafin ta fita, kuma sai an turo ƙofa. Idan ya fito falo, akwai wani bargo ruwan toka da yake rufe cinyarsa da shi, ko da ana zafi. Mai Zare takan kawo masa abinci, su taɓa hira a kan ruwan famfo da jikoki da wanda ya tashi daga layinsu. Da ta matso da kujera sai ya gyara bargon. Ba ta taɓa yi masa magana a kai ba. Amma ƙafar nan ta riƙe ta shekara talatin da ɗaya, ta san har tsohon tabon ƙunar salansar mota da ke ƙwaurinta, ga shi yanzu an mai da ita baƙuwa a wurin.

Da iska ta fara sauyawa, ta sauko da kwandonta daga kan kabad, ta zaɓi zaren ulu shuɗi mai duhu. A makon nan wata maƙwabciya mai tsohon ciki tana shigowa kullum da hantsi koyon hular jariri, kuma mace ce mai surutu. Bakin Mai Zare na wajen baƙuwa, idonta na kan hular, hannunta kuma yana nasa aikin shi kaɗai. Goma a nan, goma a can.

Ran kwana na biyar, bayan maƙwabciyar ta tafi, ta kai dunduniyar safar farko, ta juya ta, ta ajiye. Ta ɗauki ta biyun za ta juya tata dunduniyar. Nan hannunta ya tsaya. Ta dubi abin da ke cinyarta, ta dubi wadda ke kan hannun kujera. Tsayinsu ɗaya, ba wadda ta ɗara wata ko da layi guda.

Direba yana zaune daura da ita, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa.

"Ci gaba mana," in ji shi. "Kwana biyar ina kallonki. So nake in ga mai ƙafar."

Ta kasa ɗaga kai.

"Ko wani mijin kika yi ban sani ba? A gaishe shi. Ki ce masa ya riƙa zuwa gwajin suga."

"Malam, hannuna ne. Wallahi ban lura ba."

"Na sani," ya ce. Ya rage rediyon da dama a rage yake. "Ni ma jiya na kai hannu zan sosa ta."

Ta zare tsinkayen daga safa ta biyu, ta cusa ta can ƙasan kwando da niyyar warwarewa. Da yamma Auta ta dawo, tana neman almakashi ta ci karo da ita. A kicin, suna yanka albasa, ta gaya wa uwarta abin da uban ya hana ta faɗa: tun da sanyi ya fara, dungun ƙafar ke hana shi sakewa da safe. Safar da aka ba shi a asibiti siririya ce, kuma zamewa take yi. Yakan naɗe wurin da tawul har rana ta ɗaga. Auta ta ce me zai hana a mai da wannan safar ta dungun, tunda ba a kai ga dunduniya ba, a rufe ƙarshenta kamar hula.

Mai Zare ta ce ai sai ta auna. Auta ta je ta tambaya, ta dawo da amsa: ya yarda, amma ita Auta za ta auna da tef. Washegari ta kawo lambobi uku a bayan wani kwalin magani, faɗin sama da faɗin ƙasa da tsawo.

Kwana uku Mai Zare tana saƙa da kwali a gabanta. Ta warware, ta lissafa, ta sake ɗorawa. Aikin ya fito tsaf, ba ɗinki ko ɗaya a jikinsa, amma ranta bai kwanta ba. Ta ba Auta ta shiga da ita, aka turo ƙofa.

Direba ya sa safar yini guda. Da Auta ta cire masa da yamma, ta fito fuskarta ba walwala. Ta ce bakin safar ya yi masa zobe a fata, kuma layin da aka rage idanu don rufe ƙarshen ya faɗo daidai kan ƙashi, wurin ya yi ja. Ga mai ciwon suga, jan fata ba abin wasa ba ne. Daga irin haka wancan ciwon ya faro. Ta hana a sake sa masa.

Da safe Direba ya fito da sandunansa, ya zauna, ya ce ai gyaran kaɗan ne, a ƙara ido huɗu kawai, haka Auta ta ce.

"Auta magani ta sani," in ji Mai Zare. "Ba zan sake ba."

"Don ido huɗu?"

"Kwali ya gaya min faɗi, bai gaya min inda ƙashi yake ba. In na sake yi da ka, na ji maka ciwo, aka koma asibiti aka ƙara yanka, wa ya jawo?"

Ya mai da kallonsa taga. Sannan ya ce, "To a bar shi."

"A bar shi," ta ce.

Ba fushi suka yi ba. Ta ƙarasa safar ƙafar dama, ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta shanya a inuwa, ta ajiye masa a kan kujera ita kaɗai. Ya sa, ya ce ta yi daidai. Ta taya maƙwabciya rufe saman hularta, ta fara wa jikanta rigar sanyi. Sanyin kuwa sai ƙaruwa yake yi. Da safe, in tana ɗora ruwan zafi, takan ji ƙarar gadon ƙaramin ɗakin yana ta juyi a kai. Sau biyu ta ɗauko kwalin nan ta duba lambobin, ta tuna jan fatar, ta mayar. Auta ta ce mata su biyun taurin kansu ɗaya, ita dai ta gaji da zama 'yar aike a gidan ubanta.

Ran kwana na huɗu, Auta ta fita aiki, rana ta fara shigowa falo amma ba ta da zafi. Mai Zare na wanke kofuna ta ji ya kira ta. Ba daga falo ba, daga ɗakin.

Yana zaune a bakin gado, bai sa hula ba, tawul naɗe a ƙafar. Ɗakin na warin man shafawa. Ta tsaya a bakin ƙofa har sai da ya ce ta shigo.

"Ba kyan gani," ya ce. "Ni kaina ba na kallonta."

"To."

"Ki rufe ido. Ai da hannu kike awonki."

Ta ce bari ta ɗumama hannunta tukuna, yanzu ta fito daga ruwa. Ta murza tafukanta a jikin zaninta, ta hura musu iska, ta durƙusa a gabansa ta rufe ido. Ta ji ya warware tawul ɗin. Ta miƙa hannu, shi ya kama ya ɗora.

Sanyi ƙalau wurin yake. Ta fara daga gwiwa, wadda ta sani, ta gangaro a hankali. Naman ya ragu fiye da yadda ta zata. Ta zagaya da yatsu, ta sake zagayawa ƙasa kaɗan. A ƙarshe ta sami ƙashin, ba a tsakiya yake ba, ya karkata gaba, fatar kansa siririya. Bayansa ga layin ɗinki, ya tafi a gicciye, da wani ɗan kunne na nama a kowane gefe. Ta ji jikinsa ya sandare, yana riƙe numfashi. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ɗauke hannu ba. Ta bar tafinta a rufe da wurin har ya fara ɗaukar ɗumi.

"Nan ne ke ciwo?"

"Gaba kaɗan. Yauwa, nan."

Ta ce to raguwar idanun a gefe za ta yi ta, ta bar kan ƙashin sumul, ta ninka zare a wurin. Bakin kuma ba za ta matse shi ba, za ta kai shi sama da gwiwa ya riƙe kansa. Tana magana tana lissafi da leɓe, idonta a rufe.

"Buɗe idon," in ji Direba. "Kar ki ɓata min zare a banza."

Ta buɗe. Ta duba wurin sosai, yadda take duban kowane aiki, ta ga jan da safar farko ta bari ya kusa bajewa. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi. Yana kallon bango.

Ta tashi ta ɗauko kwandon. Ta gaya masa wannan ba irin wadda ake saƙawa daga nesa ba ce, duk layi goma sai ta gwada a jikinsa, don haka a nan za ta zauna. Ya ce wato direba guda ya koma gunkin tela. Ta ce gunkin tela ba ya surutu.

Ya matsa jikin bango ya ba ta wuri. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora dungun a cinyarta, ta ja zare ta fara ɗora idanu a kan tsinke tana ƙirgawa. Ya soma ba ta labarin wani fasinja da ya taɓa mantuwa da takalmi ƙafa ɗaya a motarsa.

"Malam, yi shiru," ta ce. "Ina arba'in da biyu."