Riga Mai Lamba Sha Takwas

Da ƙarfe biyu na rana Wilmer ya ɗauko yayarsa Nohemy da 'yarta Keyla daga filin jirgin saman birnin San Pedro Sula. Keyla shekararta tara, a Sifen aka haife ta. Wannan ne zuwanta na farko, don ganin kakarta da ke kwance ba lafiya.

Da suka kusa unguwa Wilmer ya sauke gilasan motar duka huɗu, kamar yadda kowa ke yi, don 'yan dabar unguwar su ga waɗanda ke ciki. Zafi ya sa Keyla ta cire rigar sanyinta. Ta ciki rigar ƙwallo ce, da lamba 18 gaba da baya.

Wilmer ya hango a madubi.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa? Me kika sa wa yarinyar nan?"

"Ta ƙungiyar makarantarsu ce fa," in ji Nohemy. Shekara goma sha ɗaya a waje sun mantar da ita. Sha takwas lambar 'yan dabar tsallaken kogi ce, abokan gabar masu riƙe da wannan unguwa.

"Keyla, mayar da rigar sanyinki."

"Kawu, zafi nake ji."

Kafin ta mayar, wani mutum ya sauko daga kan babur a bakin layi ya tsayar da su. Ya leƙo ta tagar baya.

"Sannunku da zuwa, 'yan Turai. 'Yan mata, wa ya ba ki rigar nan?"

"Malamin wasanninmu. Ni goma na so, wata ta riga ni."

Bai yi dariya ba. Wilmer ya ce, "Jikar Doña Chepa ce mai gidan burodi. Yau suka sauka."

Mutumin ya ja gefe ya yi waya na kusan minti huɗu. Nohemy ta riƙe gwiwar 'yarta ba ta saki ba. Da ya dawo ya miƙo hannu, ita kuma ta tuɓe wa yarinyar rigar ta ba shi.

"Kwana nawa za ku yi?"

"Sati uku."

"Kwana uku. Kuma kada ta leƙo ƙofar gida."

A gida Keyla ta zauna bakin gadon kakarta. Nohemy ta zazzage akwatin a ƙasa, ta ɗauko almakashi, ta bi kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya tana yanke duk inda ta ga lamba, har 'yar takardar da ke bayan wuya.