Ƙarfen Nesa

A gida ni ce ta fari, amma a fili Biyu ake ce mini, saboda lambar da ke bayan rigata. Ƙanwata, autar gidanmu, ita ce Tara. Wanda bai san ƙwallo ba, bari in rage masa hanya. Mai lamba biyu tana tsare baya ta gefen dama, ta ƙwace ƙwallo, ta ruga da ita gaba har ƙirjinta ya yi kamar zai tsage, sannan ta bugo ta gaban raga. Mai lamba tara kuwa tana can kamar mai jiran mota, ta sa goshi ko bakin takalmi, a ce ta ci. Sai fili ya ɗauki sunanta.

Ina kishinta. Ba na ɓoyewa, kuma duk wanda ya ce mini bai dace ba, ya zo ya yi gudun da na yi tukuna, sai mu yi magana.

Ni na sha faɗa a kan ƙwallo. Ni Baba ya ɓoye wa takalma a saman kabad, ni maƙwabta suka riƙa tambayar Mama ko ta tabbata mace ta haifa. Ni na yi ta kuka da magiya har ya bari na shiga kulob. Da Auta ta taso, ƙofa a buɗe ta tarar, ko turawa ba ta yi ba. Baba da kansa ya saya mata takalmin farko, har yana durƙusawa yana danna gabansa da babban yatsa, ya ji ko ya matse ta.

Kuma ni na koya mata abin da take ci da shi. Da aka ɗauke ta a kulob ɗinmu, in an tashi atisaye kowa ya nufi wanka, sai in tsayar da ita a fili da buhun ƙwallaye.

"Kada ki kalle ni, kada ki ɗaga mini hannu," nake ce mata. "Da kin ga na wuce tsakiya, ki nufi ƙarfen raga na nesa. Ki je can kawai, zan same ki."

Ni ma na hana kaina kallon raga. Gola idonki take karantawa, in ba ki ɗaga kai ba, ba ta san inda za ki aika ba. Haka muka yi ta yi, a rana da ruwan sama, shekara bayan shekara, har ya zama ƙafata ta dama ba ta neman shawarata. Da ƙwallo ta zo mata kusa da raga, sai ta buɗe, ta aika ƙarfen nesa. Kuma kullum Auta tana can.

Baba mai gyaran rediyo da fanka ne. Shagonsa ɗan mitsitsi, wayoyi sun rataya ko'ina, ga warin dalma. Ba ya zuwa kallo saboda ba ya iya hawa matakala, amma ranar wasa duk rediyon da ya gama gyarawa sai ya kunna ta, wai yana gwaji. In Auta ta ci, rediyoyin nan su haɗa baki su kwarma sunanta har mai wankin mota na tsallaken titi ya ji. Mai sharhi kuwa ba shi da lokacin wadda ta bugo. In ya yi mini kirki ya ce, "Ƙwallo ta zo daga dama," kamar iska ce ta kawo ta. Da yamma in muka biya ta shagon, Baba ya kama kan Auta yana jijjigawa, ni kuma ya ce, "Sannu Babba, an sha gudu."

An sha gudu kam. Shekara goma sha wani abu ina wasa, ban taɓa cin ƙwallo ba. Ko ɗaya. Ko ta kuskure, irin wadda ke bugun gwiwar mutum ta faɗa raga.

Bana gwiwar tawa ta ce ta gaji. Likitan kulob ya duba hoton, ya cire tabarau, ya ce in ina so in riƙa tafiya da ƙafata in na tsufa, wannan kakar ce ta ƙarshe. Wasan ƙarshe kuwa a gidanmu za a yi. Sai ga Baba ya ce zai zo, an samar masa kujera a ƙasa kusa da benci. Na yi murna har na ji kunyar kaina, kafin in tuna cewa Auta ta yi kunnen doki da wata 'yar gaba a yawan ƙwallaye, kuma waccan ta riga ta gama wasanninta. Ƙwallo ɗaya ta rage wa Auta ta ɗauki takalmin zinare, kyautar wadda ta fi kowa ci. To wa Baba zai zo kallo? Ban tambaye shi ba, don ba na son amsar.

Abin da nake so ɗaya ne: in ci ƙwallo, Baba yana zaune yana gani. Bayan nan gwiwa ta yi abin da ta ga dama.

Ranar wasa ina kwance a kan gadon tausa, mai tausa tana naɗe mini gwiwa da bandeji, Auta ta shigo. An yi mata sabon kitso, saboda ta san masu hoto za su cika. Ta zauna a bakin gadon tana wasa da igiyar takalminta.

"Yaya, na yi magana da Koci. In aka samu fenariti ke za ki buga."

"Wa ya aike ki?"

"Babu. Na ga dai wasanki ne na ƙarshe."

"Na ce miki ina bara ne?"

Mai tausa ta sunkuyar da kai, ta mai da hankali ga bandeji kamar yau ta fara ganinsa.

"Haba Yaya, daga abin arziki?"

"Riƙe abin arzikinki. Ki ci taki ki ɗauki takalminki, ni ma zan nemi tawa da ƙafata."

Ta tashi ta fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta yi fushi ba. Ita fa haka take, komai ta samu, har da kyan hali. Da ma tana da girman kai, da na samu inda zan kama.

Muka fito fili. Na hango Baba a kujerarsa, ya sa rigarsa ta fita, ya ɗora sanda a cinya, ga ƙaramar rediyo manne a kunnensa duk da wasan yana gabansa. Koci ya ba ni kambun kyaftin na ranar. Mai sanarwa ya ce yau Biyu take ban kwana, aka yi mini tafi daidai gwargwado. Ya ambaci Tara da takalmin zinare, sai da na ji ƙasa tana rawa.

Kafin hutun rabin lokaci na gwada sa'ata. Ƙwallo ta faɗo mini a wajen da'irar gola, na ce yau ko ni ko ita, na rufe ido na dirka. Ta tashi sama, ta wuce raga, ta wuce allon talla, ta sauka wajen masu sayar da ruwa. Fili ya kwashe da dariya. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Biyu, tsuntsaye ba su yi miki komai ba." Ban kalli wajen Baba ba.

A ɗakin canza kaya Koci ya tsaya a kaina. "Biyu, na san abin da ke ranki. Amma ki yi abin da kika iya."

Na ce to. Me zan ce? Abin da na iya shi ne in sa a tafa wa wata.

Aka dawo, wasa ya yi zafi, babu wanda ya ci. Sau biyu na aika wa Auta ƙarfen nesa, ɗaya gola ta kaɗe, ɗaya ta bugi ƙarfe. Gwiwata ta fara zugi, kowane taku kamar ana soka mini ƙusa. Koci ya yi mini alamar ko zan fita, na kau da kai kamar ban gani ba.

Ana dab da tashi, 'yar tsakiyarmu ta tsinka wa Auta ƙwallo ta ɓangaren hagu. Auta ta wuce mai tsaron baya, ta shiga da'ira. Ni kuma na ruga ta dama, don ƙafafuna ba su san wani abu ba sai wannan. Gola ta fito ta tare ta, Auta ta yi kamar za ta buga, gola ta zube a ƙasa. Raga ta buɗe. Ko makaho aka ba wa a nan zai ci, balle Tara. 'Yan kallo sun riga sun miƙe.

Sai ta ɗago ta kalle ni, ta turo mini.

Ƙwallo ta taho a hankali a kan ciyawa, ba tsalle ba gardama, daidai ƙafata ta dama. Tsakanina da raga bai fi tsawon tabarma biyu ba, kuma babu kowa a ciki. Bari in faɗi gaskiya, duk cika bakin da na yi a ɗakin tausa ya gudu. Ina so. Sadaka ce ko bara ce, ina so da hannu bibbiyu. Na ji zuciyata tana cewa Baba, duba.

Ƙafata ta buɗe, ta aika ƙarfen nesa.

Ban ɗaga kai ba, ban kalli raga ba. Bugu ne mai kyau, irin wanda na yi sau dubbai. Ƙwallo ta ratsa bakin raga daga wannan gefe zuwa wancan, ta wuce ta gaban ƙarfen nesa, ta fita waje. Babu kowa a can. Auta tana tsakiyar da'ira, ta ɗaga hannuwa sama, ta riga ta taho da gudu za ta rungume ni.

Fili ya yi tsit. Sannan aka yi wani irin nishi gaba ɗaya, kamar an taka wa mutum ciki. Ba a daɗe ba alƙaliyar wasa ta hura tashi. Babu ci. Takalmin zinare kuma, da yake 'yar gaban da suka yi kunnen doki ba ta kai Auta yawan wasanni ba, ita aka ba.

Na ɗauka za su zage ni, kuma da sun zage ni da na ji sanyi. Ina. Sunan Tara suka ɗauka suna rerawa, wai ta bar zinare saboda yayarta. Ranar ban kwanana, ƙwallona, kuskurena, amma labarin nata ne. Ko faɗuwa zan yi, sai ta fi ni kyau a hoton.

A ɗakin canza kaya kowa ya ba mu wuri. Na zauna ina kwance bandeji, Auta ta tsaya a gabana, idonta ja.

"Yaya, don ni na ba ki, shi ya sa kika ƙi?"

"Ban ƙi ba."

"To me ya faru? Raga fa babu kowa."

"Ke ina kike?" na ce. "Can na aika miki."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta kifa kai a gwiwar tawa mai ciwo, ta yi ta kuka. Yana mini zafi amma ban ture ta ba. Na dafa sabon kitson nata, ina jin tausayinta, ina kuma jin haushin cewa ko kukan ma ita ta riga ni.

Muka tarar da Baba a bakin ƙofar fita, 'yan jarida sun kewaye shi, yana ta washe baki. Da ya hango Auta ya miƙa wa wani sandarsa, ya kama fuskarta da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka. Yau kin fi ƙwallo ɗari a wurina. Kowa ya ga irin tarbiyyar gidana."

Masu hoto suka yi ta ɗauka. Wani ya ce in ɗan matsa gefe, na matsa.

Da suka watse, Baba ya juyo gare ni, ya rage murya kamar mai tambayar abin da bai shafe shi ba.

"Ke kuma Babba, sai ki gode wa ƙanwarki. Amma wai ni kam, na ji mai rediyo yana ta faɗin wata magana. Da gaske ne duk shekarun nan ba ki taɓa ci ba?"

Na tsaya ina kallonsa. Shekarun nan duka ina ɗauke da abin nan a ƙirji, ina zaton duk yammar da na shiga shagonsa yana lissafa mini, yana jira. Ashe ko sani bai yi ba.

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ikon Allah," ya ce. "Ni na ɗauka kina ci jefi-jefi."

Ya karɓi sandarsa, ya riƙe hannun Auta, ya ce in je in tsayar mana da mota.