Geron Shekarar 'Yanci

Saura kwana kaɗan a yi sujadar godiya ta ranar 'yancin kai, amma Rifkatu ba ta da damin da za ta kai gaban majami'a.

Ba wai babu gero a gidan ba. Akwai, sai dai na kasuwa ne. Wanda ake nema shi ne mai gashi, dogon nan mai tsini kamar gemun akuya, wanda Kiristocin unguwarsu da ke bayan Ketare suke kira geron 'yanci. Surukinta Baba Barau ya sha ba da labarinsa. A shekarar da Turawa za su tafi, tsoro ya kama 'yan tsirarun masu bi, har wasu suka ɗaure kaya, suna cewa ranar da aka sauke tutar Bature za a kore su. Mahaifin Barau ya ce 'yancin nan daga Ubangiji yake, kuma har da su a ciki, ya ɗauki fartanya ya shuka irin da ke hannunsa. Tun daga nan, kowace shekara damin farko na wannan gero ake kaiwa gaban bagade.

Irin a hannun Rifkatu yake. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe su, rumbunta ya ƙone ƙurmus. Sun dawo bana, sun gyara jinkar majami'a, amma ko tsaba ɗaya ba a samu ba a gidan kowa.

"A kai na kasuwar mana," in ji Fasto. "Ubangiji zuciya yake dubawa."

"Ka je ka faɗa wa Baba da bakinka," Rifkatu ta ce.

Fasto bai je ba. Tsohon ya riga ya ce in babu geron 'yanci, a bar shi a ɗaki, kada ma a ɗauko shi.

Ran kasuwar Kankara ta shiga sayen manja. Tana wucewa ta gaban wata mai gasa tumu, sai ta ji matar tana mita.

"Wannan jarababben gero! Duk ya sossoke mani hannu."

Rifkatu ta waiga. Ga zangarniya nan a faifai, dogaye, gashi cirko-cirko.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

"Saye za ki yi ko tambaya?"

"Duka biyun."

Mai tumun, Saudatu, ta yi dariya ta ce ƙanenta ne ya yi aikin yanka a Mairuwa, a gonar wani Alhaji Nata'ala, aka ba shi kyauta. "Amma kada ki wahalar da kanki. Rigimammen tsoho ne."

Rifkatu ta manta da manja. Ta nufi tasha, ta cusa kanta a motar da ke bi ta Sheme. A hanya ta gyara mayafinta ta rufe kai ruf, ta tura ɗan gicciyen wuyanta cikin riga. Tun bayan gudun nan ta koyi haka: a baƙon gari ba ta faɗin ko ita wace ce.

Ta tarar da Alhajin a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, yana wa masu jera dami faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Daga ina, ɗiyata?"

"Daga Kankara, Baba Alhaji. Sunana Adama. Hatsi nake saye ina sayarwa. Geron nan mai gashi nake so, ko dami ɗaya."

Fuskar tsohon ta canja nan take.

"'Yan sari! Ga masara can, ga dawa na tahe. Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Baba, ko zangarniya goma..."

"Ko ɗaya. Makon jiya wani ya zo tun daga Sabuwa da motarsa, haka ya koma. Ku kai shi kasuwa ku gauraya da tarkace, shi ke nan iri ya lalace. Tashi ki tahi tun rana ba ta yi maki ba."

Ta tashi. Ta yi taku kaɗan, sai ta tsaya. Ga geron nan a jere tana gani, ƙaryar da ta yi don ta tsare kanta ita ce ta rufe mata ƙofa. Ta ce a ranta, Ya Yesu, Kai ka kawo ni har nan. Sai ta juyo, ta sake durƙusawa, ta fito da gicciyen.

"Baba, ka yafe mani. Ba Adama nake ba, Rifkatu ce. Kirista ce ni, daga bayan Ketare. Irinmu ne wuta ta cinye, ga sujadar godiya ta zo."

Masu jera dami suka tsaya cak. Alhaji ya dube ta da kyau.

"Bayan Ketare? Gidan wa?"

"Gidan Baba Barau. Matar ɗansa ce ni."

"Barau mai kunnen tulu? Yana raye?"

"Yana nan, Baba."

Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "La'ilaha illallahu! An ce mani duk kun watse! Ke kuma don me za ki zo mani da wata Adama? Da kin tahi da ita, da kin kwana da yunwa a bakin tukunyarku!"

Ya sa aka kawo mata tabarma da fura. Ya ce shi ma a can bayan Ketare aka haife shi. Shekarar 'yanci tsuntsaye suka sauka kamar hadari, suka cinye geron kowa, sai mai gashin nan suka kasa taɓawa. Mahaifin Barau bai kai rumbu ba, gida-gida ya bi yana rabawa, Musulmi da Kirista.

"Ranar da anka ɗaga sabuwar tuta, hurar geron nan munka sha gaba ɗayanmu. Da mahaihina zai taso nan, da irin ya taho. Ya ce amana ce, ba a sayarwa, in masu ita sun nema a ba su."

Hawaye ya zubo wa Rifkatu. Ta ce, "Na gode wa Allah. Na gode, Baba."

"Shamsu!" ya ƙwala wa ɗansa kira. "Fito da motar nan. Ku loda dami uku: na ɗakin ibadarsu, na iri, da na hura. Ɗauko mani hulata."

"Baba, ina kuma za ka?"

"Ina ruwanka?"

La'asar sakaliya suka isa. Mata suka fito suna guɗa, wata ta ruga ta buga ƙararrawar majami'a ba Lahadi ba. Baba Barau ya dogaro sanda ya fito, ya dafa damin, yana yabon Ubangiji. Sai ya ji murya a bayansa.

"Kunnuwan dai suna nan."

Ya juya a hankali. "Nata'ala? Kai ne, ɓarawon gyaɗa?"

"Alhaji ake cewa yanzu."

"A gidanku. Rifkatu, kawo tabarma babba, ki yanka zakaran nan. Wannan mutumin ci gare shi."