Tabawa Ta Riga Ni Da Wata Biyu

Daren jiya wani mafarki ya ziyarce ni, har yanzu bai gama sakina ba.

Na gan ni a wani gari da hantsi, ni da matata Tabawa. Ruwan sama na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, sai da na riƙe hulata. Rana biyu ce a garin, ɗaya ta mata, ɗaya ta maza, ta matan ta ɗan fi tawa nisa. Duk abin da ya sha nono ya girma, mutum ne ko jaki ko jemage, idan ya gifta sai ka ji wani abu yana ƙas-ƙas-ƙas a cikin kansa.

Tabawa ta ce, "A'a, Malam, ban gaji ba."

Sai bayan nan na ce, "Ko kin gaji?"

Abin bai yi mini daɗi ba.

Sai ga mu a wani ofis. Wata akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana tauna takarda. Ta kara kunnenta a goshin Tabawa, sannan ta kara a nawa.

Ta ce, "Baba, kowa da agogonsa a bayan ido, bai fi ƙwayar gero ba. Amma na mace da na namiji ba su cika tafiya tare ba. Ranar wannan baiwar Allah tana ƙarewa kafin taka da minti shida. Shekararku nawa da aure?"

Na ce, "Arba'in da ɗaya."

Ta lumshe ido tana tuƙa. "To, ta riga ka da wata biyu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ga ta nan kusa da ni."

Na waiwaya. Takalmanta ne kawai a ƙasa, da ɗuminsu.

Akuyar ta ce, "A can duniyarku kowace safiya hasken rana yana daidaita ku, shi ya sa ba ku lura. Nan ba mai daidaita kowa. In kana son ka cim mata, je ka ga mai gadi."

Na fito da takalman a hammata. A bakin hanya wata macen ɓera tana gudu a cikin gammo, gammon na juyawa, ita ba ta zuwa ko'ina. Mijinta na gefe yana minshari. Ba ta tsaya ba ta ce, "Yau ranar da agogona ke sauri ce, tun kafin lokaci na fara. Jibi zan yi nauyi. Wancan kuwa kullum jiya-i-yau."

Mai gadin wani ƙaton taure ne, yana zaune a ƙofar wani dogon zana. Ina ganinsa na gane shi. Bunsuruna ne mai baƙin kunne, wanda na dandaƙe da hannuna shekarar da aka yi fari, don ya yi ƙiba.

Ya ce, "Malam Jatau. Ina gudumar?"

Na ce, "Ka yafe mini, sana'a ce."

"Ban riƙe ka ba. Amma ka san abin da ka fasa ran nan? Akwai wani ruwa da maraina ke aikawa cikin jini, shi ke murɗa agogon namiji. Na mata daga wurin ƙwansu yake fitowa, yana cika yana janyewa. Tun da ka tsinke nawa, bunsuraye suna kwana ina farke, suna farke ina gyangyaɗi. Shi ya sa aka ba ni ƙofa, ba ni nan, ba ni can."

Na ce, "Matata tana ciki?"

"Tana ciki. Wuce."

To ni ban taɓa faɗawa wurin mata haka kawai ba, ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na tsaya na gyara murya na yi sallama. Shiru. Na sake. Shiru. Na yi ta uku, na ja da baya na tsuguna ina jira. Ranar mata ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa, tawa tana nan tsaye a hantsi.

Tauren ya ce, "Kai dai tsoho da taurin kai. Ai sun amsa maka tun watan jiya. Sun ce bismilla har sau uku, ba kowa a ƙofa."

Na miƙe zan shiga, sai na ga ƙofar ta haɗe. Wata 'yar kafa ce ta rage a jikin zanan. Na sa ido.

Tsakar gidana ne. Tabawa na zaune a tabarma, kanta a tsefe, ba kwalli, ba ɗan kunne, ga 'yar wuƙa a gefenta irin wadda mai takaba ke ajiyewa. Mata na shigowa suna durƙusawa suna fita. Buzuna na salla yana rataye a igiya, an wanke shi.

Na ce, "Tabawa! Ga ni nan zuwa, yanzu zan keta zanan nan!"

Ba ta ɗago ba. Ta yi magana a hankali, kamar mai gudun kada baƙi su ji.

"Kada ka keta, Malam. Kai da ba ka taɓa sauri ba a rayuwarka, yau za ka fara? Zauna inda kake. Ka ci wata biyunka a hankali, ina can tare da kai."

Na cire hannuna daga zanan.

Sai na ji ƙarar guga tana dukan bakin rijiya. Na buɗe ido, gari ya waye, Tabawa na jan ruwa tana mita wai igiya ta kusa tsinkewa. Na tashi ban ko nemi hula ba, na je na karɓi igiyar daga hannunta. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Lafiya, Malam?"