Layin da Mai Ƙofa Ya Bari

Tun da aka yi jana'izar Malam, Inna ba ta taɓa kwamfutarsa ba. Tana nan a kan teburin lungun falo, an lulluɓe ta da tsohon tawul, kusa da keken ɗinkinta. Wayarsa ce dai ta ƙi yin shiru. Kowane lokaci sai ta yi ɗan ƙara, kamar tana neman mai ita.

Malam ya yi rayuwarsa yana rubuta manhaja a wani kamfanin motocin dakon kaya. Da ya ajiye aiki sai ya riƙe wani abu da suke kira zaure. Zauren imel ne na masu irin sana'arsa: mutum ya rubuta tambaya sau ɗaya, ta shiga akwatin kowa, wanda ya sani ya amsa. Duk baƙon da ya shigo, saƙonsa na farko ba ya isa ga jama'a sai Malam ya duba ya buɗe masa. Shi ya sa suka laƙaba masa Mai Ƙofa.

Inna ba ta san komai a manhaja ba, karatunta ma da ƙyar take haɗa baƙi. Amma Malam mutum ne da ba ya iya karatu a zuci. Shekara da shekaru tana taka keke, shi yana gefe yana karanta saƙonnin baƙi da ƙarfi, yana ba su amsa da ƙarfi, wani lokaci har ya juyo ya ce, "Ke ji wannan bawan Allah." Da haka dokokin zauren suka shige mata kunne ba tare da ta nema ba.

Wata safiya Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aikin jinya, ta dawo daga asibiti ta ɗauki wayar don ta kashe ƙarar. Ta duba, sai fuskarta ta canza.

"Mene ne?" in ji Inna.

"Ba komai."

"Ni na haife ki. Karanta."

Auta ta karanta. Wani ne a zauren da ake ce wa Guduma, saboda yadda yake sauke wa mai tambayar banza magana a ka. Ya rubuta wa kowa da kowa cewa Mai Ƙofa ya yi barci a bakin aiki, baƙi sun taru ba a buɗe musu ba, in tsufa ya kama mutum ai sai ya ba da mabuɗi, ba ya zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai ba. Wasu kuma sun biyo baya suna cewa gaskiya ne.

Inna ta ɗage ƙafa daga keke. Ashe ba wanda ya gaya musu. An sanar da dangi, an sanar da tsofaffin abokan aiki, amma mutanen da ya fi yini da su ba wanda ya tuna, don ba wanda ya san fuskar ko ɗaya.

"Goge shi," ta ce.

"Ba ya goguwa, Inna. Ya riga ya shiga akwatin kowa. Kuma duk abin da aka rubuta ana ajiye shi a rumbun zauren. Ko bayan shekara nawa aka nemi sunan Baba, wannan zai fito."

Wannan ne ya tsaya mata a ƙirji. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya ce a miƙo masa kwamfuta kan gado, kada wani yaro ya kwana yana jira, shi ne za a bar masa sunan mai barci.

"Rubuta musu ki ce ya rasu."

Auta ta gyara riƙon wayar. "Yanzu kuwa. Da sunansa zai shiga, nan take kowa ya gani."

"A'a. Su ga sunansa ya faɗo musu, su yi murna ya dawo, su buɗe su tarar da mutuwarsa? Kuma babanku ya sha faɗa, a zauren nan ba a magana da bakin wani. Buɗe min nawa."

"Inna, ke da imel?"

"Haramun ne?"

Auta ta yi dariya, ta farko tun rasuwar. Ta buɗe wa Inna adireshi a wayarta, ta yi mata rajista a zauren. Inna ta faɗa, Auta ta rubuta: ita ce matar Mai Ƙofa, Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya, ba barci yake yi ba, a yafe masa in ya saɓa wa wani. Aka aika.

Ba a jima ba amsa ta dawo. Auta ta karanta, ta sake karantawa.

"Wai an karɓi saƙonki, amma da yake ke baƙuwa ce, an riƙe shi sai Mai Ƙofa ya duba."

Kafin Inna ta ce wani abu, wayar Malam ta yi ƙara a kan tebur. Sanarwa ce ake yi masa cewa wata baƙuwa na bakin ƙofa.

Inna ta dubi wayar, ta dubi Auta. Dariya ta ƙwace mata, ta riƙe baki, sai dariyar ta koma kuka. Auta ta bar ta ta yi mai isarta. Da ta share ido da bakin mayafi, ita da kanta ta tashi ta yaye tawul ɗin.

Kwamfutar ta buɗe a inda ya bar ta. Ga saƙonnin baƙi a jere, layi guda, na Inna ne a can ƙasa.

"Ga naki. In danna shi ya wuce?"

"Waɗannan na sama fa?"

"Su ba namu ba ne."

"Sun riga ni zuwa. Babanku bai taɓa ɗauko na ƙasa ya bar na sama ba, ko da shugaban kamfani ne."

"To in sake su duka a lokaci ɗaya, mu huta."

"Ki sake su ga Guduma tsirara? Ai shi ya sa aka yi ƙofar. Ba don a hana su shiga ba, don a gyara musu riga kafin su shiga cikin mutane. Jawo kujera."

Na farko ya rubuta komai da manyan baƙaƙe, takensa, wato kan saƙon, A TAIMAKA DA GAGGAWA, da alamar motsin rai har guda nawa.

"Wannan ihu yake yi," in ji Inna. "Akwai wurin da ake mayar masa a asirce, ba a gaban jama'a ba. Nemo shi."

Auta ta samo gurbin.

"Ce masa barka da zuwa. Da wannan babanku yake farawa, ko me mutum ya yi. Sannan ki ce manyan baƙaƙe a nan ɗaga murya ne, ya sauke. Gaggawar tasa ce, mutanen zaure ba albashi ake ba su ba. A take ya faɗi abin da ya lalace. In ya gyara ya sake turowa, ƙofa a buɗe take. Ki sa hannu, matar Mai Ƙofa."

Na biyu layi ɗaya ne kacal: manhajata ba ta aiki, me zan yi?

Inna ta girgiza kai. "Irin masu kawo min riga su ce ba ta yi ba. Ina ba ta yi ba? Hammata ce ta matse, ko wuya ne ya zurma? Ce masa ya faɗi abin da ya so ta yi, da abin da ta yi, da abin da kwamfutar ta rubuto masa, yadda yake, kada ya taƙaita."

Na uku ɗalibi ne da ya kwafo aikin da aka ba shi a makaranta ɗungurungum ya ce a yi masa. Inna ta ce a gaya masa ya gwada tukuna, ya nuna inda ya maƙale, za a kama masa. Wani kuma ya je ƙarƙashin wata tsohuwar hira ya liƙa sabuwar tambayar da ba ta da alaƙa da ita. "Ana maganar wani, ka shigo da taka a tsakiya? Ya buɗe tasa daban."

Ana cikin haka maƙwabciya ta leƙo karɓar siket ɗin 'yarta. Ta ga Inna a gaban kwamfuta da tabaran Malam a hanci.

"Ikon Allah! Yaya, an koma ofis ne?"

"Riƙon ƙwarya nake yi. Siket ɗinki saura kalmasa, dawo da yamma."

Akwai wata yarinya da ta rubuta nata tsaf. Ta gaishe da mutane a taƙaice, ta ce ta bincika rumbu ba ta samu ba, ta kawo 'yan layukan da ke ba ta matsala kawai. Inna ta sa aka karanta mata sau biyu don daɗi.

"Wannan da babanku ya gani, da ya juyo ya ce in ji. Buɗe mata."

Auta ta kai hannu, sai ta tsaya. "Dakata, Inna. A cikin layukan nan akwai kalmar sirrin wurin aikinta. Ta manta ba ta cire ba."

Inna ta dafe ƙirji. Ta tuna ranar da Malam ya zabura har ya zubar da shayi a kan irin wannan. Ita da ba ta gane ba, da ta jefa yarinyar cikin rumbun da ba ya goguwa.

"Allah ya yi miki albarka. Mayar mata, ki ce ta cire, ta kuma canza ta a can wurin aikin. Ki ce mata saƙonta ya yi kyau, kada ta ji kunya."

Wasu saƙonnin ba su da aibu, aka buɗe musu. Wani guda ɗaya kuwa daga Inna har Auta ba wanda ya gane ko tambaya ce ko talla. Inna ta ce a bar shi, wannan ya fi ƙarfinta.

Da saƙonnin farko suka fara faɗawa zauren, sai ga Guduma ya sake rubutu. Auta ta karanta cikin fushi: "A'a, Mai Ƙofa ya farka! Sannu da barci, ranka ya daɗe."

"Inna, don Allah ki bar ni in tsallake zuwa naki. Mutumin nan zai sa in faɗi abin da ba shi ke nan ba."

Inna ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta cire tabaran ta goge. Saura mutum uku a gabanta.

"Bai sani ba ne," ta ce a hankali. "Wa ke biye?"

Rana ta karkata kafin su iso kan nata. Auta ta ɗora yatsa.

"Tsaya. Karanta min shi kamar na kowa."

Auta ta karanta.

"Take fa?"

"Na sa Salam."

"Salam? Yini guda muna mayar da mutane a kan take, ni kuma in shiga da Salam? Wa zai buɗe? Kuma wannan ba maganar manhaja ba ce. In mutum zai kawo abin da ba na sana'a ba, sai ya faɗa tun daga take, wanda ba ya so ya wuce. Mayar min."

"In mayar miki da naki? Ga ki ga ni?"

"Mayar."

Auta ta mayar, tana dariya tana hawaye. Suka sake rubutawa a wayar Auta. Take: Ba batun manhaja ba ne, Mai Ƙofa ya rasu. Inna ta ƙara layi biyu, cewa ita da 'yarta ne suka buɗe ƙofa yau, akwai saƙo ɗaya da ba su gane ba, mai sani ya zo ya duba. Saƙon ya dawo layi, Inna ta sa yatsanta da kanta ta danna inda Auta ta nuna mata.

Ba amsar da ta shigo nan da nan. Inna ta koma kan keke ta ɗauki siket ɗin maƙwabciya, amma ta kasa zura zare a allura.

Can sai saƙonni suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, har Auta ta kasa bin su. Ta'aziyya ce daga mutanen da Inna ba ta taɓa jin sunansu ba, wasu daga ƙasashen da ba ta san da su ba. Tana saurare tana cewa amin, amma kunnenta na jiran mutum ɗaya.

"Ga shi," in ji Auta. "Amma ba a ƙarƙashin naki ya rubuta ba. Ya koma can ƙarƙashin maganarsa ta farko."

"Me ya sa?"

"Bari ki ji. Ya ce: Na rubuta a nan ne don duk wanda ya tono abin da na faɗa a sama ya tarar da wannan manne da shi. Ƙarya na yi wa Mai Ƙofa. Ba barci yake yi ba, rasuwa ya yi, kuma tun da ya riƙe ƙofar nan bai taɓa barin baƙo a waje ba. Na yi magana ban tambaya ba, abin da nake zagin baƙi a kai. Inna, ki yafe min. In kin yarda zan riƙe ƙofar, amma ki sani ba ni da haƙurinsa."

Inna ta ajiye siket ɗin a cinyarta.

"Zai zauna a rumbun shi ma?"

"Har abada, Inna. Duk wanda ya ga wancan zai ga wannan."

Ta sauke numfashi mai tsawo.

"Ce masa na yafe. Ƙofa kuma ya zo ya karɓa. Haƙuri babanku ma ba da shi aka haife shi ba, ni na san irin wanda na aura." Ta miƙa wa Auta allurar. "Zura min zaren nan, matar nan tana hanya."